Kifin Samon Da Tukunyar Ɗan Arewa A Kurmi

Abu ne da yake faruwa a gidajen mutanen Arewa mazauna Ikko, musamman direbobi da masu gadi da kuku-kuku da ke aiki a manyan gidajen Ikoyi da Lekki. Maigida ya dawo da yamma ɗauke da wani ƙunshi mai sanyi da uban gidansa ya ba shi, ya miƙa wa uwargida. Ta kwance, ta ga tsokar kifi ja-ja-ja kamar gwanda nunanna, da ratsin fari a jikinta. Sai ta ja da baya ta ce, "Malam, wannan kuwa kifi ne? Anya ba su zuba masa wani abu ba?" Shi kuwa sai ya ce, "To, haka dai na ga suna ci." Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai a miƙa wa maƙwabciya Bayarabiya, ko kuwa a jefa shi cikin miya a bar shi yana tafasa sa'a guda cur kamar busasshiyar tarwaɗa, a sauke a tarar ya dagargaje ya bushe kamar dusa. Sai a taru a yanke hukunci cewa abincin Turawa ba shi da daɗi, alhali kuwa kifin da aka ɓata yana cikin mafi tsada a kantunan garin.

Wannan kifi shi ne samon. A jikin leda ana rubuta shi salmon, amma masu harshen ba su furta lam ɗin. Ba a kama shi a kogin Kwara ko Binuwai, ba a kuma samun sa a tekun Ikko, domin kifin ƙasashen sanyi ne, wato Norwe da Sikotlan da Kanada da Alaska da arewacin Japan. Rayuwarsa abin mamaki ce. A cikin ƙoramu masu ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku a can, sa'an nan ya gangara teku ya yi wasu shekarun yana cin ƙananan kifaye da jatan lande har ya yi ƙiba. In lokacin haihuwa ya zo sai ya juyo, ya yi ta haurowa gaba da ruwa, yana tsallake duwatsu da magangaru, ba ya tsayawa sai ya kai ƙoramar da aka haife shi, wadda masana suka ce da sansana ƙamshin ruwanta yake gane ta. Na tekun Fasifik da zarar sun zuba ƙwai sai su mutu a nan. Duk ɗan ci-rani da ya taɓa cusuwa cikin motar goro ko ta shanu don dai Salla ta riske shi a gida, ya kamata ya ji kifin nan kamar ɗan'uwa.

Jan launin da ya tsorata uwargida kuwa daga abincinsa yake. Jatan lande da ƙananan halittun teku da yake ci suna da wani sinadari mai launi, shi ne yake taruwa a tsokarsa. Wanda ake kiwo a keji, a cikin abincinsa ake sa masa sinadarin, in ba haka ba da tsokarsa ta fito fari-fari. Kusan duk samon da ake gani a manyan kantunan Ikko da Fatakwal na kiwo ne. Sana'ar ta soma kafuwa a shekarar 1970, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu masunta, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba 'ya'yan kifi 20,000 cikin keji na raga mai yawo bisa ruwa a tsibirin Hitra na ƙasar Norwe, suka kuma fara kwasa a 1971. Yau Norwe tana fitar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, wato kusan rabin samon na kiwo da ake ci a duniya, ƙasar Cile tana biye da ita.

To, me ya haɗa mai sayar da albasa a Mile 12 ko mai canji a Sabon Badun da kifin Norwe? Ai an daɗe da haɗuwa. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla, daga tsibiran Lofoten na Norwe ake kawo mafi yawansa, inda ake shanya shi a kan katakai iskar hunturu ta busar da shi ba ko gishiri. Tun kafin samun 'yancin kai yake shigowa, kuma a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana cikin abincin agaji da aka riƙa kai wa yankin gabas don ceton yaran da yunwa ta kama. Yau ba miyar biki a ƙasar Ibo da za ta amsa sunanta ba shi. Haka kifin ƙanƙara da ake kira Titus, da shawa, yawancinsu daga tekunan arewacin Turai jiragen ruwa ke sauke su a Apapa. Alƙaluman da hukuma ta sha ambata sun nuna ƙasar nan tana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba sosai. Saboda haka wanda ya ce shi ba ya cin kifin ƙasar waje, ya leƙa tukunyar gidansa tukuna.

Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa ya wuce kifi ɗaya. Akwai wani hali da ya zama ruwan dare a zangon Hausawa na Kurmi, daga Agege da Idi-Araba har Shagamu da Anacha. Mutum zai shekara ashirin, talatin, teku tana nan kusa da shi har yana jin iskarta, amma bai taɓa sa jatan lande ko ƙaguwa a bakinsa ba, bai san ɗanɗanon kifin teku ɗanye da aka kamo yau ba. Kullum sai jiran motar da za ta kawo kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa daga gida. In motar ta yi latti, ko hanya ta rufe saboda wata tarzoma, sai gida ya shiga wani hali. In an tambaye shi dalili sai ya ce bai gada ba. Yana kuma faɗin haka da alfahari, kamar wanda ya tsare wata amana.

Amma me aka gada? Masarar da ake tuwo da ita, da rogo, da gyaɗa, da barkono, da tumatir, da dankali, duk daga nahiyar Amurka suke, jiragen Turawan Fotugal da waɗanda suka biyo bayansu ne suka kawo su gaɓar Afirka bayan shekarar 1500. Akwai zamanin da ba a san yaji mai barkono a ƙasar Hausa ba, sai masoro da citta da kimba. Wata tsohuwa ce ta fara yarda ta jefa baƙon ɗan itacen nan ja cikin miyarta, wataƙila kishiyoyi suna yi mata dariya. Gyaɗar da ta zo baƙuwa ita ce ta zama dalar Kano bayan jirgin ƙasa ya isa can a 1911, ita ce ƙuli-ƙuli, ita ce yajin tsire. Dunƙulen Maggi a ƙasar Suwizalan aka ƙirƙiro shi a 1908, ga shi yanzu har yana neman ture daddawa. Taliyar Indomie asalinta daga Indunusiya take, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota, amma yau wa ya kai mai shayi Bahaushe iya soya ta da ƙwai? Shi kansa shayin da burodin baƙi ne. Goro kuwa, wanda ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi, bai taɓa tsirowa a Kano ko Katsina ba. Fatake ne suka yi ta takawa zuwa Gwanja suna ɗauko shi, daga baya aka koma Shagamu.

A ɗaya gefen kuma, a duba yadda mutanen Kurmi suka karɓi abin da ɗan Arewa ya kawo musu. Tsire ya zama abincin dare na Ikko baki ɗaya, har Obalende ta yi suna da shi. Kilishi ya zama tsarabar masu hawa jirgin sama. Zoɓo da kunun aya da fura da nono ana sayar da su cikin robobi a ofisoshi. Bandar Baga ta tafkin Chadi ta daɗe tana cika kasuwar Anacha. Da Bayarabe ko Ibo ya tsaya a kan cewa bai gaji tsire ba, da dubban mahauta sun rasa abin yi. Wanda kasuwarsa ta ginu a kan wasu sun yarda sun ɗanɗana nasa, bai kyautu a ce shi ne kan gaba wajen yamutsa fuska ga na wasu ba.

Ƙyamar baƙon abinci ba ciwon Bahaushe kaɗai ba ne, a yi adalci. Mutanen Japan sun fi kowa suna wajen cin ɗanyen kifi, amma har shekarun 1980 ba su cin samon ɗanye, domin irin wanda suke kamawa a tekunsu yakan zo da tsutsa, sai dai su gasa ko su yi masa gishiri. A 1986 gwamnatin Norwe ta kafa wani shiri na musamman don tallata kifinta a can. Da aka kai musu samon na kiwo aka ce su ci ɗanye, manyan 'yan kasuwarsu suka ƙi, suka kushe launinsa da ƙamshinsa. Sai da aka kwashe kusan shekara goma ana lallashi kafin ya karɓu. Yanzu yana cikin kifayen da aka fi so a gidajen cin abincinsu, har yaran yau suna zaton tun kaka da kakanni haka ake.

Wani zai kawo batun halacci, kuma tambaya ce da ta dace. A mazhabar Malikiyya da galibin mutanen Arewa ke bi, dabbobin ruwa halal ne, ba su kuma bukatar yanka. Samon kifi ne sosai mai ɓawo, ba wata mazhaba da ta yi saɓani a kansa. Inda ake bukatar lura shi ne manyan otal-otal, domin a girkin Turawa akan zuba giya cikin romon da ake kwarara wa kifi. Wannan ma hujja ce ta a dafa a gida, inda uwargida ta san duk abin da ya shiga kasko.

Dafa shi kuwa ba wuya, sai dai yana son a manta da abin da hannu ya saba. Tarwaɗa da giwan ruwa da bandar Baga suna jure wuta, har sukan ƙara daɗi in sun jima cikin miya. Samon ba haka yake ba, tsokarsa tana da taushi da mai, minti goma ya ishe shi. In a daskare aka sayo shi, a sa shi a ƙasan firiji tun dare ya saki a hankali, ko a bar shi cikin ledarsa a ɗaure a tsoma cikin ruwan sanyi. Kada a zuba masa ruwan zafi, kada a shanya shi a rana. Ba ya bukatar wankin toka ko ruwan zafi da ake yi wa tarwaɗa don cire yauƙi, domin ba shi da yauƙin. A shafa yatsa a kan tsokar, in an ji 'yan ƙayoyi a tsaye a zare su. Sa'an nan a tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, domin jiƙaƙƙen kifi ba ya soyuwa, sai dai ya manne wa kasko.

A barbaɗa gishiri. A ɗora kasko ya yi zafi, a zuba man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu kawai, ba irin tafkin man da ake suyar ƙosai ba, tunda kifin zai fitar da nasa man. A kwantar da shi ta wajen fata, a ɗan danna shi da bayan cokali don kada ya lanƙwashe, sa'an nan a ƙyale shi. A nan ne haƙuri yake ƙarewa, domin hannun mai girki ya saba juye-juye. In an zuba ido za a ga launin yana sauyawa daga ƙasa yana hawa sama, ja yana komawa fari-fari. In ya haura kashi biyu cikin uku na kaurin tsokar, wato bayan minti shida ko bakwai ga yanka mai kaurin yatsu biyu, sai a juya, a ba shi minti biyu ko uku, a sauke. Alamar nuna ita ce tsokar ta riƙa rabuwa falle-falle in an taɓa da cokali mai yatsu. Masu ma'aunin zafi suna neman digiri 63 a tsakiyarsa. In aka ga wani farin abu kamar dafaffen ƙwai yana tsattsafowa da yawa, to wuta ta yi yawa.

Abin da zai faranta wa ɗan Arewa rai shi ne, kifin nan kamar don yajin ƙuli aka halicce shi. Maiƙonsa yana son abu mai kaifi. A shafa masa ɗan mai, a barbaɗe shi da yajin tsire, a ɗora a kan waya bisa garwashin da ya riga ya lafa, a matsa lemun tsami bayan an sauke, a yanka albasa da tumatir a gefe. Duk mai tukuba a Agege ya fi kukun otal sanin yadda ake sarrafa irin wannan wutar. Wadda kuma ta fi son miya, ta gama haɗa miyarta tsaf, tumatir ya soyu, ruwa ya tsotse, sa'an nan ta jera yankan kifin a sama ta rufe, ta rage wuta, bayan minti takwas ta sauke ba tare da ta sa muciya ko ludayi ba. Yana tafiya da shinkafa, yana tafiya da doya ko dankalin Jos, har da dambu.

Akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, wani samon da ake sayarwa a yanka siriri-siriri cikin leda, an rubuta cewa mai hayaƙi ne, kada a ɗauka banda ce. Hayaƙi mai sanyi aka yi masa, bai dahu ba, bai kuma bushe ba. In aka ajiye shi a kwando kamar banda, kwana ɗaya ya isa ya zama guba, kuma likitoci suna hana mai ciki cin irinsa sai an dafa. Na biyu, duk kifin ƙanƙara amanarsa tana hannun wutar lantarki, kowa kuwa ya san halinta. Kifin da ya narke ya sake daskarewa ana gane shi da tarin ƙanƙara a cikin leda, da tsoka mai laushi wadda in an danna ba ta tasowa, da ƙarni mai hawa kai. Samon mai kyau ba shi da wari. Masu zuwa Ghana kuma su sani, a kasuwannin Ankara da Kumasi abin da ake kira samon yawanci Titus ne da aka yi wa hayaƙi, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar da ba a ɓoyewa. Samon yana da tsada tun asali, ya kuma ƙara tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Magidancin da ke fama da kuɗin haya da na makaranta ba wanda zai ce masa ya je ya saya, daidai ruwa daidai tsaki. Amfanin da likitoci ke yabon samon da shi, wato man nan mai suna omega-3 da ke taimakon zuciya da ƙwaƙwalwar yara, da bitamin D, akwai shi sosai a cikin Titus da shawa da sadin na gwangwani. Shawarar masana ita ce a ci kifi sau biyu a mako, ɗaya daga ciki mai maiƙo, ba su ce lalle sai samon ba. Wanda ya saya don a gan shi da ledar babban kanti, wannan bai koyi kome ba, ya dai sauya irin alfaharinsa ne.

Kiwon nasa ma ba a rasa abin faɗi a kansa. Cunkoson kifi a keji yana haifar da ƙwarƙwatar ruwa da cututtuka da ke yaɗuwa ga na daji. Abin da ya fi shafar Afirka ta Yamma kuwa shi ne abincinsa. A Muritaniya da Senegal da Gambiya an kakkafa masana'antu da ke niƙe ƙananan kifaye, irin waɗanda talaka ke saye, ana mai da su gari da mai ana fitarwa waje, wani kaso yana shiga abincin kifin kiwo har da samon na Norwe. Matan da ke sana'ar banda a waɗannan ƙasashe sun daɗe suna kuka a kan haka. Mai hankali yana iya ɗanɗana abu ya kuma san aibinsa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ƙofar gwaji a buɗe take ta wata hanya mai araha. Kasuwar kifi ta Epe tana nan, ga ta Makoko, ga masu kwale-kwale a Badagiri da Fatakwal da Kalaba suna sauke kifin teku da jatan lande kullum safiya. Ganyen ugu da agushi da ɗanyen man ja suna kowace kasuwa. Abin da ake bukata shi ne uwargida ta sauke girman kai ta ce wa maƙwabciyarta, "Maman Tunde, don Allah zo ki nuna mini yadda kuke yin wannan," ita ma gobe ta koya mata waina ko miyar taushe. Mutanen da suka taɓa tsayawa a kan murhu ɗaya, ba su saurin yarda da jita-jita a kan juna ranar da gari ya rikice, kuma mazauna Sabo sun fi kowa sanin darajar wannan.

Ga kuma yaran da aka haifa a nan. Suna zuwa makaranta da 'ya'yan kowa, suna leƙa kwanon abokansu, suna gani a waya yadda ake girki a ƙasashen duniya. Yarinyar da ta dawo gida da sha'awar gwada wani abu aka ce mata a gidan nan ba a yin haka, ba daina sha'awar za ta yi ba, sai dai ta kai ta waje, ta kuma ɗauka cewa gidansu wurin hani ne kawai. Wadda aka ba kasko aka tsaya a kanta, ko da na farko ya ƙone, ita ce za ta zauna a koya mata tuƙin tuwo da kaɗa miyar kuka ba tare da ta ɓata rai ba.

Uwargidan da maigidanta ya sake shigowa da irin wancan ƙunshi, kada ta zubar da fatar, domin in ta soyu ƙayau ta fi tsokar daɗi, yara har rububinta suke yi. In an samu kai da ƙashin baya, a yi romo da citta da tafarnuwa da ɗan attaruhu, minti ashirin ya isa. Abin da ya yi saura kuma a sa a firiji da wuri, da safe a marmashe shi cikin dafa-duka bayan an sauke tukunya, kada a sake mai da shi kan wuta.